Fenisilin, Sefalosforin ko Karbafenem: Yadda Ake Zaɓe a Dangin Bita-laktam

Idan majinyaci ya zo da zazzaɓi mai zafi kuma alamu suka nuna bakteriya ce ta kama shi, yawancin magungunan da likita zai fara tunawa da su 'yan gida ɗaya ne, wato dangin da masana harhaɗa magunguna suke kira bita-laktam. A cikin wannan gida akwai fenisilin da 'ya'yansa irin su amfisilin da amoksisilin, akwai sefalosforin da aka kasa zubi-zubi har biyar, akwai karbafenem, sannan akwai aztiriyonam wanda yake zaman kansa. Da yake an saba kiran sefalosforin da zubin farko, zubi na biyu, zubi na uku, mutane da dama, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun ɗauka cewa tsani ne ake hawa, wato na uku ya fi na farko ƙarfi, na huɗu kuma ya fi na uku. Wannan fahimta ita ce tushen yawancin kurakuran da ake yi wajen zaɓe, domin lambar zubi tana nuna irin ƙwayoyin cutar da maganin ya fi kamawa ne, kuma sau da yawa abin da sabon zubi ya samu a wani gefe ya yi asararsa a wani gefen.

Dukkansu hanya ɗaya suke bi wajen kisa. Bakteriya tana da katanga mai kama da raga wadda take hana ta fashewa, kuma akwai wasu sinadaran gini a jikinta, waɗanda ake taƙaita sunansu da PBP, da suke ɗaure zaren ragar da juna. A tsakiyar kowane maganin wannan dangi akwai wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu wanda siffarsa ta yi kama da ƙarshen zaren da maginin yake ɗaurewa, sai maginin ya cafke shi bisa kuskure ya maƙale, ginin ya tsaya, katangar ta yi rauni, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga, shi ya sa waɗannan magunguna suke cikin mafi sauƙin illa, har ana ba da yawancinsu ga masu juna biyu da ƙananan yara. Amma wannan dalili ne kuma ya sa babu ko ɗaya a cikinsu da yake taɓa Mycoplasma, wadda ba ta da katanga tun asali, kuma ba a dogara da su a kan Legionella mai ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki. Mura da sauran cututtukan bairos kuwa ba su ma cikin lissafi.

Alexander Fleming ya lura da fumfunar da take fitar da fenisilin a Landan a 1928. Sefalosforin kuwa daga tsibirin Sardiniya na Italiya ya samo asali, inda Giuseppe Brotzu na jami'ar Cagliari ya ɗebo wata fumfuna a 1945 daga ruwan teku kusa da inda magudanar ƙazantar gari take zuba, ya ga tana hana ƙwayar taifot yaɗuwa. Edward Abraham da Guy Newton na jami'ar Oxford ne suka tace sinadarin daga baya, kuma a 1964 sefalotin ya shiga kasuwa a matsayin na farko. Bambancin ginin biyun kaɗan ne a ido: a fenisilin zoben mai kusurwa huɗu yana manne da wani mai kusurwa biyar, a sefalosforin kuma da mai kusurwa shida, wanda ya ba shi wurare biyu na liƙa rassa. Sauya waɗannan rassa ne ya haifar da zubi-zubin, kuma su ne suke da muhimmanci a batun borin jini da za a zo gare shi.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan dangi da ya kamata mai zaɓe ya riƙe tun kafin ya dubi sunan magani. Kisan da suke yi ya dogara ne da tsawon lokacin da maganin ya zauna a jini sama da ma'aunin da yake hana ƙwayar girma, don haka ninka yawan magani a allura guda ba ya maye gurbin allurar da aka tsallake. A ƙiyasin da aka saba amfani da shi, karbafenem yana buƙatar kimanin kashi 40 cikin 100 na lokacin da ke tsakanin allura da allura, fenisilin kimanin kashi 50, sefalosforin kuma kashi 60 zuwa 70. Saboda haka maganin da aka rubuta a sha sau huɗu a rana, idan aka sha shi sau biyu, ya zama wani magani dabam mai rauni, kuma tambayar ko majinyaci ko masu jinya za su iya kiyaye lokutan tana cikin abin da ake aunawa.

Tun 1884 aka san hanyar rinin da Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmak, ya ƙirƙiro, wadda take raba bakteriya gida biyu: masu riƙe rini, irin su Staphylococcus da Streptococcus, da masu sakin rini, irin su Escherichia coli da Klebsiella da Pseudomonas. Zubin farko na sefalosforin, wato sefazolin na allura da sefaleksin na haɗiya, ya fi ƙwarewa a kan masu riƙe rini. Idan cutar fata ce, ko maruru mai yaɗuwa, ko ciwon ƙashi, ko kuma Staphylococcus aureus ta shiga jini alhali ba ta cikin masu bijire wa metisilin, wani tsohon nau'in fenisilin, to sefazolin ko kuloksasilin, shi ma ɗan gidan fenisilin, sun fi seftiriyakson dacewa, duk da cewa shi na zubi na uku ne. Haka nan wajen rigakafi kafin tiyata sefazolin ne gwani: ana ba babban mutum giram 2 cikin minti 60 kafin a tsaga fata, giram 3 ga wanda nauyinsa ya kai kilo 120, a sake idan aikin ya wuce awa huɗu. A ganina, ba da seftiriyakson a wannan wuri asara ce ta fuska biyu, domin ya gaza sefazolin a kan ƙwayar da aka fi tsoro a rauni, sannan ya fi shi ɓarnatar da bakteriyar hanji masu amfani. Inda sefazolin yake da iyaka shi ne ba a dogara da shi a sanƙarau.

Kafin a wuce zuwa sauran zubin, ya kamata a ba tsohon fenisilin haƙƙinsa, domin akwai wuraren da har yau babu wanda ya ture shi. Streptococcus pyogenes, mai kawo ciwon maƙogwaro da zai iya taɓa zuciya daga baya, ba ta koyi bijire masa ba duk da shekaru sama da tamanin ana amfani da shi. Tunjere ma da allurar benzatin fenisilin ake maganinsa, ma'auni miliyan 2.4 a tsoka ga wanda cutar ba ta daɗe a jikinsa ba, kuma ga mai juna biyu shi ne abin da aka tabbatar yana kare ɗan da ke ciki. Sannan akwai ƙwayoyi biyu da sefalosforin ɗin da aka saba da su ba sa iya musu, wato Enterococcus da Listeria, alhali amfisilin yana kama Listeria da yawancin Enterococcus faecalis. Wannan gibi ne ya sa idan ana zargin sanƙarau ga jariri sabon haihuwa, ko mai juna biyu, ko wanda ya haura shekara 50, ko mai raunin garkuwar jiki, ake ƙara amfisilin a kan sefalosforin.

Zubi na biyu ba ya buƙatar dogon bayani. Sefuroksim yana tsaka-tsaki, yana amfani a cututtukan hanyoyin numfashi da na fitsari, ƙwayarsa ta haɗiya ta fi shiga jiki idan an sha bayan abinci, amma an daina fifita shi a sanƙarau saboda yana jinkirin tsabtace ruwan laka idan aka kwatanta da seftiriyakson. Sefoksitin da sefotetan kuma sun bambanta da 'yan'uwansu wajen kama bakteriyar da suke rayuwa inda babu iskar oksijin, shi ya sa suke da gurbi a tiyatar hanji da ta mahaifa.

A zubi na uku ne zaɓe ya fi wuya, domin mutum uku ne masu kama da juna a suna, halinsu kuwa kowane allazi da nasa amanu. Seftiriyakson ya samu karɓuwa saboda dalilai na gaskiya: rabinsa yana ɗaukar kimanin awa takwas kafin ya bar jini, don haka allura ɗaya a rana ta wadatar a yawancin cututtuka, yana ratsawa zuwa ruwan laka, kuma da yake kusan rabinsa ta matsarmama yake fita, ba a cika rage shi ga mai ciwon ƙoda ba. Shi ne ginshiƙi a sanƙarau, inda ake ba babba giram 2 kowace awa 12, da ciwon huhu mai tsanani, da ciwon ƙoda na bakteriya, da taifot, da ciwon sanyi. Sefotaksim yana kama kusan duk abin da seftiriyakson yake kamawa, sai dai rabinsa yana fita cikin kimanin awa ɗaya, dole a maimaita shi kowace awa shida zuwa takwas. Da wannan kaɗai za a ce seftiriyakson ya yi nasara, amma ga jariri ɗan ƙasa da kwana 28 hukuncin yana juyawa. Seftiriyakson yana manne wa furotin na jini sosai, yana ture sinadarin da yake kawo shawara daga mazauninsa, sinadarin kuma ya iya kaiwa ga ƙwaƙwalwar jaririn ya yi mata lahani na dindindin; ga shi kuma yana daskarewa idan ya haɗu da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam, abin da ya taɓa jawo mutuwar jarirai. Saboda haka ga jinjiri, musamman bakwaini ko mai shawara, sefotaksim ne zaɓi. Wani abin lura ga mai yin allura shi ne, idan aka dama seftiriyakson da lidoken don rage zafin allurar tsoka, haramun ne wannan haɗin ya shiga jijiya.

Na ukunsu, seftazidim, ya saya wa kansa iko a kan Pseudomonas aeruginosa, ƙwayar da take addabar masu ƙuna da waɗanda suke kan na'urar numfashi da masu ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, amma ya biya da rauni a kan Staphylococcus da Streptococcus pneumoniae. Wanda ya musanya seftiriyakson da seftazidim a ciwon huhun da aka kamu da shi a gida, don kawai dukansu na zubi na uku ne, ya bar babbar ƙofa a buɗe. Seftiriyakson da sefotaksim kuwa ba su da abin yi da Pseudomonas.

Irin wannan ruɗani yana nan a magungunan haɗiya. Sefaleksin yana shiga jini kusan kashi 90 cikin 100, yana da kyau a cututtukan fata da na mafitsara marasa tsanani, matsalarsa ita ce yawan sha, sau uku ko huɗu a rana. Sefiksim na zubi na uku ne, amma abin da hanji yake tsotsa bai wuce kashi 40 zuwa 50 ba, kuma kusan ba ya taɓa Staphylococcus, saboda haka kuskure ne a ɗauke shi a matsayin seftiriyakson na baki ko a rubuta shi don maruru. A ciwon kunne da ciwon huhu mara tsanani, amoksisilin ya fi yawancin sefalosforin na haɗiya ƙarfi a kan Streptococcus pneumoniae. Idan kuma kare ko kyanwa suka ciji mutum, amoksisilin haɗe da kilabulanik ne ya dace, domin sefaleksin ba ya iya wa Pasteurella da take zaune a bakin waɗannan dabbobi. Sai dai haɗin ya fi kawo gudawa, kuma jefi-jefi yana taɓa hanta har ido ya yi ɗorawa.

Shi kilabulanik ɗin ya kai mu ga batun bijirewa. Tun 1940, kafin fenisilin ya wadata a asibitoci, Abraham da Ernst Chain suka bayyana wani sinadari da bakteriya take fitarwa mai tsinka zoben nan mai kusurwa huɗu, wanda ake kira bita-laktames. Kilabulanik da sulbaktam da tazobaktam garkuwa ne, suna tare wannan almakashi don maganin ya samu ya yi aiki. Amma gaba da gabanta: a farkon shekarun 1980 aka fara ganin nau'in da ake kira ESBL, mai lalata seftiriyakson da sefotaksim, wanda a yau ya yaɗu a tsakanin Escherichia coli da Klebsiella a duniya. Akwai kuma AmpC, wanda ƙwayoyi irin su Enterobacter cloacae suke ɗauke da shi a kwance, ta yadda gwajin farko zai nuna seftiriyakson yana aiki, bayan 'yan kwanaki ana magani ƙwayar ta juya. A nan ne sefefim, na zubi na huɗu, yake da amfani, domin yana jure wa AmpC, yana kama Pseudomonas, kuma bai yi asarar ƙarfinsa a kan masu riƙe rini ba kamar yadda seftazidim ya yi. Aibinsa yana bayyana ga mai raunin ƙoda, musamman tsoho, inda idan ba a rage shi ba yakan taru ya kawo ruɗewa da fizgar gaɓoɓi da jijjiga, har a ɗauka cutar ce take ƙaruwa.

Idan gwaji ya nuna ESBL kuma cutar ta shiga jini, gardamar da aka daɗe ana yi ita ce tsakanin fiferasilin, wani nau'in fenisilin, haɗe da tazobaktam da kuma merofenem na gidan karbafenem. Binciken MERINO da aka wallafa a 2018 ya kwatanta su a kan masu ɗauke da Escherichia coli ko Klebsiella masu bijire wa seftiriyakson a jini, aka samu mace-macen kwana 30 sun kai kashi 12.3 cikin 100 a ɓangaren fiferasilin, kashi 3.7 a ɓangaren merofenem. Tun daga nan karbafenem ya zama abin da aka fi karkata gare shi a irin wannan hali mai tsanani. A cikin gidan karbafenem ma akwai bambanci. Imifenem, wanda ya fito a 1985, dole a haɗa shi da silastatin domin ƙoda tana da sinadarin da yake rusa shi, kuma ya fi sauran tayar da farfaɗiya, shi ya sa merofenem ne ake ɗauka idan cutar ta shafi ƙwaƙwalwa. Ertafenem sau ɗaya ake yin sa a rana, amma ba ya kama Pseudomonas da Acinetobacter. Dukkansu suna zubar da ma'aunin maganin farfaɗiya na balfurowet a jini cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ƙara yawan balfurowet ɗin ba ya cika gyara lamarin.

Staphylococcus mai bijire wa metisilin, wadda aka fara bayyanawa a Ingila a 1961 kuma ake kira MRSA, dabararta dabam ce: ta sauya maginin katangar ne da wani da magungunan ba sa iya maƙale masa, don haka garkuwar kilabulanik ba ta da amfani a kanta, karbafenem ma haka. Seftarolin, na zubi na biyar, wanda Amurka ta amince da shi a 2010, yana iya kama wannan sabon magini, amma ba ya taɓa Pseudomonas, wata shaida kuma cewa zubi ba tsani ba ne. Ga ƙwayoyin da suka kai ga lalata karbafenem akwai seftazidim haɗe da abibaktam, wanda yake aiki a kan nau'in bita-laktames da ake kira KPC amma ba ya iya wa wanda ake kira NDM, da sefidarokol wanda yake shiga ƙwayar ta ƙofar da take shigar da sinadarin ƙarfe. Aztiriyonam masu sakin rini kaɗai yake kamawa, amma NDM ba ta iya tsinka shi.

Batun borin jini ya hana mutane da yawa maganin da ya fi dacewa da su. Kimanin mutum ɗaya cikin goma yana cewa fenisilin ba ya karɓarsa, amma idan aka gwada, fiye da tara cikin goma na waɗannan suna iya shan sa lafiya, domin abin da ya faru tun farko gudawa ce, ko ƙurajen wata cutar bairos da suka zo daidai da shan magani, ko kuma borin ya gushe da shekaru. Tsohuwar magana cewa kashi 10 cikin 100 na masu borin fenisilin za su yi borin sefalosforin ta samo asali ne daga zamanin da magungunan farko suke gauraye da ɓurɓushin fenisilin. Abin da aka sani yanzu bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba, kuma kamannin reshe ne yake jawo shi. Amfisilin reshensa ɗaya da sefaleksin da sefakulo, amoksisilin kuma da sefaduroksil, saboda haka wanda ya yi bori na gaske da waɗannan fenisilin ya nisanci waɗannan sefalosforin. Sefazolin reshensa bai yi kama da na kowane fenisilin ba, seftiriyakson ma haka, karbafenem kuma haɗarinsa bai kai kashi 1 ba. Aztiriyonam yana da aminci ga mai borin fenisilin, amma reshensa ɗaya da seftazidim. Wanda ya taɓa yin mummunan borin da yake saɓule fata da cikin baki, ko ya taɓa hanta ko ƙoda, wannan lissafin rassa bai shafe shi ba, ana kauce wa dangin ne sai da shawarar ƙwararre.

Sauran abin da ake aunawa shi ne ɓarnar da maganin yake bari a baya. Zubi na uku da na huɗu da karbafenem suna share bakteriyar hanji masu amfani, suna buɗe hanya ga Clostridioides difficile mai kawo gudawa mai haɗari, kuma yawan amfani da su ne yake renon ƙwayoyi masu bijirewa, kamar taifot ɗin da ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan a 2016 wanda seftiriyakson ba ya yi masa komai. Sefotetan da sefoferazon suna da wani reshe da yake hana jini daskarewa yadda ya kamata, musamman ga wanda ba ya cin abinci sosai, kuma yana sa amai da bugun zuciya idan aka sha barasa. Tun daga 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya take kasa magungunan kashe bakteriya gida uku: na farawa, inda amoksisilin da kuloksasilin da sefaleksin da sefazolin suke, na sa ido, inda seftiriyakson da sefotaksim da seftazidim da sefiksim da merofenem suke, da na ajiya, inda seftarolin da sefidarokol da seftazidim mai abibaktam suke. Ga majinyacin da yake cikin mawuyacin hali ba laifi ba ne a fara da mai faɗi, bayan an ɗebi jini ko fitsari ko ruwan laka don gwaji, muddin za a dawo a duba sakamako bayan awa 48 zuwa 72. Idan ya nuna Staphylococcus mai jin metisilin sai a koma sefazolin ko kuloksasilin, idan Streptococcus pneumoniae ce mai jin fenisilin a koma fenisilin ko amfisilin, idan kuma zazzaɓi ya sauka, majinyaci yana ci yana sha, kuma cutar ba ta ƙwaƙwalwa ko ta zuciya ba ce, a cire allura a ƙarasa kwanakin da maganin haɗiya wanda gwajin ya nuna yana kama ƙwayar.